Baban Baƙin Allo Ya Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai saura kwata yake shiga ɗan ɗakin nan mai sanyi da ke bayan ma'ajiyar magani. Ya rataye hula a ƙusa, ya saka rigar sanyi ko da gari na tafasa, ya zauna gaban allon kwamfutar da babu hoto ko ɗaya, sai baƙi da ɗan rubutu. Shi ya sa duk asibitin muke ce masa Baban Baƙin Allo. Da yatsu biyu yake bugawa, kamar kaza na tsintar tsaba. Ya rubuta umarni, na'ura ta amsa, ya gyaɗa kai, ya rubuta wani. Shekara ashirin da shida ke nan.

Duk katin da aka buɗe, duk maganin da aka fitar, duk ledar jinin da ta bar firji, ta wannan na'ura suke bi. Mu ma'aikatan ɗakin jini ba ma tunawa da shi sai ta cije, sannan kowa ya san hanyar ƙofarsa.

Wata Talata da hantsi ƙanwata ta haihu, jini ya ɓalle mata. Ga leda biyu a gabana, amma ba a fitar da jini sai na'ura ta tabbatar ya dace da mai shi. Na danna, shiru. Na ruga ɗakin Baba, na tarar da shugaban sashe tsaye a kansa.

Yana cewa, "Baba, kashe ta ka kunna mana!"

"Ranka ya daɗe, in na kashe, sai ta yi minti arba'in kafin ta dawo hayyacinta. Bari in tambaye ta tukuna."

Na ce, "Baba, ƙanwata ce fa."

Bai ko ɗago ba. "Na ji, 'yata. Ja kujera."

Kujera! Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Ya rubuta umarni, ayyukan da ke jira suka jeru, yana bin su da yatsa har ya tsaya a kan ɗaya. Ashe mai kati, wato mai rajistar marasa lafiya, shi ne ya buɗe bayanan ƙanwata zai gyara lambar gado, aka kira shi, ya fice ya bar su a buɗe. Na'urar kuwa ba ta yarda hannu biyu su taɓa bayanan mutum ɗaya. Nawa aikin ya tsaya jiransa, saura suka taru a bayana. Baba ya soke wancan shi kaɗai, layi ya motsa. Minti huɗu, na duba agogo. Sai da na miƙa jinin sannan na zauna a ƙasa ina kuka ina hamdala.

Baba, kai ne mai tambaya kafin yanka. Kai ne ka nuna mana sauri kan haifi nawa, ba da wa'azi ba. Ko mai katin nan ba ka tona shi ba, kiransa ka yi gefe ka ce, "Ɗana, in za ka tashi, rufe abin da ka buɗe."

Ku da za ku gaji kujerarsa, kafin hannu ya kai ga makunni, ku tambaye ta tukuna.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka hutu mai albarka. Ƙanwata ba ta taɓa ganin fuskarka ba, amma jiya ta yaye ɗanta na uku.