Am Munji, Mai Jinyar Jirginmu

Kafin a kira karin kumallo, Am Munji ya riga ya zagaye jirgin. Ya ɗanɗana ruwan tanki, ya leƙa madafa, ya tare duk wanda ya ga yana ɗingishi. "Cire takalmin nan, ɗana. Kai! Wannan ƙafa ce ko kifin shekaranjiya?" Ana dariya, shi kuwa ya durƙusa yana wanke gyambon.

Haka muka san Munji Ben Rajab, da muke kira Am Munji, wato Baffa Munji, ma'aikacin jinya na jirgin sintirinmu na sojan ruwa a Binzart ta ƙasar Tunisiya, wanda ya ajiye kaki makon jiya. Ba mu da likita a jirgin. In muka bar gaɓa, bayan Allah sai shi.

Ni injin jirgin nake kula da shi, kuma a idona aka yi wannan. Da rana tsaka muna jan kwalekwalen wasu masunta, teku ta hautsine. Igiyar ƙarfen da muke jan su da ita ta tsinke, ta zabge cinyar Lutfi, abokin aikinmu, ango sabo fil. Jini ya yi ta tsartuwa, mu kuwa muka sandare. Am Munji ya rarrafo ya ɗaure cinyar, jinin ya ƙi tsayawa. Sai ya cusa yatsu cikin raunin ya danne jijiyar, ya ce mu ɗaure su tare jikin ƙarfe kada raƙumin ruwa ya raba su.

"Am Munji, mutuwa zan yi?" in ji Lutfi.

"Ka mutu ka bar wa wa kuskus ɗin amaryarka Naziha? Buɗe idonka, malalaci!"

Haka ya riƙe, yana tsokanarsa, har muka shiga tasha dab da magariba. Hannun Am Munji ya ƙage, sai da likitocin asibiti suka ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da aka fito daga ɗakin tiyata aka ce rai da ƙafa duk sun tsira, sai Am Munji ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska yana hamdala.

Am Munji, kai ne ba ka saki ba ranar da mu ko dubawa muka kasa. Mun gode, matanmu sun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma sababbin masu jinya, gidansa na bayan tsohuwar tasha. Ku je ku koya tun yana da ƙarfin yi muku tsiya.