Zuwa Duwala Neman Sandunan Golf Irin na Bello

Asabar: daga unguwar Briqueterie, Yawunde

Na fita gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, jakar sandunan golf ɗina naɗe cikin tsohon zani don kada maƙwabta su gane. Matata Mairo ta riƙe mini ƙofa.

"Idan Bello ya zo nemanka fa?"

"Ki ce na tafi Duwala saro shadda."

"Kai da bakinka za ka faɗa masa, Malam. Ni ba ruwana."

Bello ƙanena ne, dillalin shanu a Etoudi. Ni tela ne. Wani likita da nake wa ɗinki ya koya mini golf shekara tara da suka wuce, ya bar mini tsofaffin sandunansa na ƙarfe, waɗanda 'yan wasa ke kira fer. Ni na kai Bello filin golf, ni na nuna masa yadda ake riƙo. Bara ya sayi sababbin fer masu siririn kai, suna walƙiya, tun daga nan bai bar ni na ci shi ko sau ɗaya ba. Wasana ya gyaru, kowa ya shaida. Amma in an tashi, jakarsa ake zagayewa ana shafawa, ni kuma a ce, "Yayan Bello, sannu da ƙoƙari."

Na yi sallah a tashar Mvan. Tikiti sefa dubu shida. Yaron mota ya ɗaga ƙunshina ya ce, "Alhaji, bindigogi ne?" Na ce sanduna ne. Muka tashi shida saura kwata.

Boumnyébel da Edéa

Bayan Mbankomo jandarmomi suka tsayar da mu, kowa ya miƙa katin shaida. Ɗaya ya sa aka kwance zanin, ya zaro fer mai lamba bakwai, ya dubi tsatsar wuyanta. "Shugabanmu ma yana bugawa," in ji shi, "amma nasa ba haka suke ba." Na karɓa na mayar cikin zanin.

Bakwai da rabi muna Boumnyébel, wajen kilomita casa'in. Na sayi gasasshiyar ayaba da safu, ɗan itacen nan mai kama da atili, na ci rabi. Duk hanya ina tuna ranar da Bello ya dafa kafaɗata a rami na tara ya ce, "Yaya, ka sassauta hannu." Shi ke koya mini! Mun haye gadar Sanaga a Edéa ƙarfe tara da minti goma, muka shiga Duwala sha ɗaya, cunkoso ya cinye kusan awa.

Duwala

Na sauka unguwar New Bell wajen abokina Alhaji Garba mai sayar da agogo. Aka kawo shinkafa da miyar kifi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ajiye cokali.

"Kilomita ɗari biyu da arba'in saboda sanda? Na Yawunde sun ƙare?"

"A Yawunde kafin in biya Bello ya ji."

Bayan la'asar na hau babur, muka haye gadar Wouri zuwa Bonabéri, gidan Mesiye Ekane, tsohon mai koyar da golf da ke sayar da sandunan golf na hannu. Ya kafa raga a bayan gida. Ya sa na buga ƙwallo goma da sandunana, yana tsugune yana kallo.

"Gaskiya ka wuce waɗannan," ya ce. "Sun yi maka laushi."

Ya ba ni wasu masu faɗin kai, marasa kyan gani. Ƙwallo ta riƙa fita tsaf, hannuna bai ji komai ba. Sai na hango wasu a jingine a lungu, sirara, suna walƙiya. Irin na Bello sak.

"Waɗancan fa?"

"Ba naka ba ne. Ba sa yafe kuskure. Sai wanda ke buga tsakiya kullum."

Na gwada duk da haka. Cikin goma, uku suka fita daidai, sauran suka girgiza ni har gwiwar hannu. Ya ce in kwana in yi tunani.

Lahadi: komawa

Da safe na koma Bonabéri na san abin da ya kamata in saya. Na tsaya gaban masu faɗin kan, sai na ga kaina ina zaro su a gaban Bello, yana cewa, "Sun dace da kai, Yaya." Na nuna sirara. Kuɗinsu ya kusa na keken surfani da na yi niyyar ƙarawa a shago. Mesiye Ekane ya girgiza kai ya ɗaure mini su.

Mota ta tashi sha ɗaya da rabi, ruwa ya tare mu a Pouma, muka iso Mvan huɗu da kwata. Na ɗauki tasi, muka bi ta unguwar Messa zuwa gida.

Bello na zaune a zaure yana shan shayi. Sati uku ban gan shi a fili ba, ya ce yana Ngaoundéré wajen shanu.

"Sannu da hanya, Yaya. Ina shaddar?"

Ashe Mairo ta isar da saƙon. Bello ya kwance sabon ƙunshin da kansa, ya zaro ɗaya, ya juya ta, ya kai yatsa kan wani ɗan ƙwarzane a gindinta.

"Wajen Ekane ka je? Yaya, nawa ne. Na aika masa su wancan watan. Wahalar da ni suke, wuyan hannuna har kumbura yake. Masu faɗin kai na yi oda, jibi za su iso." Ya dube ni. "Da ka tambaye ni, wallahi kyauta zan ba ka."

Abin da ya fi ƙona ni shi ne na san da gaske yake.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Garba da iyalinsa, da Mesiye Ekane da ya faɗa mini gaskiya ban ji ba. Asabar mai zuwa ni da Bello za mu fita fili ƙarfe bakwai. Ya ce zai nuna mini yadda ake buga su.