Ranar da na ɗauko wa lofen Baba ƙusa

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Kalakla ta ƙasar Sudan, ban kai ga yin aure ba, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana buga bulo a Aljirif, sai ga shi hannunsa na dama ko cokali ba ya iya riƙewa. Likitan da ya duba shi a Omdurman ya ce hannun bai mutu ba, amma sai ana motsa shi kullum, in ba haka ba zai sandare. Ya ba mu wata ƙwallon roba, ya kuma ce shan taba an gama da shi.

Baba ya kalli ƙwallon nan ya ce shi ba jariri ba ne. Daga nan ya juya wa kowa baya. Mahaifiyata ke ba shi abinci a baki, yana ci yana kallon bango. Yayana ya ce mu ƙyale shi, tsoho ne. Ni kuwa wallahi raina ya ƙi.

To, Baba yana da wani lofen shan taba na itace, wanda mutanen Sudan ke ce wa kadus. Kafin ciwon, duk Juma'a da hantsi sai ya shimfiɗa ƙyalle ya gyara shi. Sai lofen ya huce sarai yake murɗe bututunsa a hankali. Ya tsoma gashin kaza a ruwan lemun tsami ya zura, ya naɗe auduga a tsinken kaba ya bi da shi, har sai audugar ta fito fara. A ƙarshe ya shafa wa bakin ɗigon man riɗi. Ba wanda ya isa ya taɓa.

Wata rana ina shara na ga lofen a kan taga, ya yi ƙura. Na ce bari in gyara masa ko ransa ya yi sanyi. Na zauna gabansa na fizge bututun kamar mai ɓare rake. Sai na ji ya ce, "Kai!" Na ɗaga kai, na ga yatsunsa biyu na dama suna rawa a kan bargo.

Ai shi ke nan, ya ba ni makami.

Washegari na sake ɗauko lofen. Na zura gashin kaza ta baya, ya karye a ciki. Rana ta uku na cusa auduga har ta toshe. Kullum bayan la'asar sai na zauna inda zai gan ni, ina ɓarna ina waƙa.

"Ke 'yar nan, ba haka ake yi ba," in ji shi, da harshensa da ya yi nauyi.

"To Baba, nuna min mana."

"Murɗawa ake yi."

"Haka?" Sai in ƙara jan sa a karkace.

Mahaifiyata ta ja ni kicin ta ce, "Ke ba ki da tausayi ne? Mutum na kwance kina ƙona masa rai?" Na ce, "Inna, gara ya yi fushi da ya yi shiru." Amma gaskiya ni ma ina shiga ɗaki in yi kuka. Kwana goma sha wani abu ina wannan, sai zagi nake samu, hannun bai bar kan bargo ba.

Ranar wata Juma'a na ce yau a yi ta ta ƙare. Na samo ƙusa doguwa mai tsatsa, na ɗauko dutsen da muke tokare ƙofa. Na kafa bututun a ƙasa, na saita ƙusar a ramin, na ce, "Baba, ya toshe, bari in huda shi."

Na ɗaga dutsen. Na san sarai bugu ɗaya zai tsage.

Sai na ji an kama min wuyan hannu. Riƙon ba ƙarfi, yatsun sanyi ƙalau, amma hannun dama ne.

"Halas, ya isa! Kawo nan, sakarya."

Ya fi rabin awa yana fama kafin gashin kaza ya shiga ramin. Sau uku yana faɗuwa, sau uku na ƙi ɗauko masa. Da ya gama ya busa, iska ta fita fes, sai ya kawar da kai don kada mu ga idonsa. Inna tana bakin ƙofa ta toshe baki da gyale.

Bai sake zuba wa lofen nan taba ba, amma kullum sai ya kwance shi ya goge. Bulo dai bai koma bugawa ba. Abinci kuwa da hannunsa ya ci har Allah ya karɓi abinsa.

Har yau in na tuna ina jin kunyar ɓacin ran da na sa shi, amma ban yi nadama ba. Lallashi ba kowa yake tayarwa ba. Bayan ya warware ya taɓa ce min tun kwana na uku ya gane da gangan nake yi.

"Abu ɗaya ne ban sani ba," ya ce. "Dutsen nan, da gaske za ki buga?"

Na ce, "Wallahi Baba, da na buga."

Sai ya ce, "Shi ya sa na tashi."