Takardar da Ta Hana Baba Bitrus Shan Miya

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Baba Bitrus a keke napep ba, yana riƙe da ciki yana nishi. Lokacin ina babbar nas a wani ƙaramin asibiti a Kakuri. Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yana zaune a Mahuta, kuma majinyacinmu ne na ciwon suga. Kwanansa tara bai yi bayan gida ba. Ciki ya yi tauri kamar ganga.

A tsarinmu, duk mai suga da ƙiba ta yi masa yawa, likita kan miƙa masa wata takarda: ban da tuwo, ban da shinkafa, doya, burodi, garin rogo. A ci nama, kifi da ƙwai. Shi ke nan abin da ke ciki, kuma ita aka ba Baba wata biyu da suka wuce. Likitan da ke aiki a ranar ya danna cikin Baba sau biyu, ya ce a rubuta takardar tura shi babban asibiti, wataƙila hanji ne ya toshe, sai an yi tiyata. Har ya ƙara da cewa, "Tsofaffin nan ba sa bin doka."

Maganar nan ta ƙona mini rai. Mutumin da ko lemo ba ya sha a bikin coci! Na ja matarsa gefe, na ce, "Mama Rifkatu, me Baba yake ci?"

Ta ce, "Abin da kuka ce, Sista. Ƙwai da safe, tsire da rana, kifi da yamma."

"Miya fa?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Miya da me? Ai kun hana tuwo."

Kai! Nan na gane ɓarnar da muka yi. A gidajenmu miya rakiyar tuwo take yi. Ranar da tuwo ya fita, ita ma ta bi shi. Wata biyu cur bawan Allah bai sa ganye a bakinsa ba. Ruwa ma ya rage sha, wai ya gaji da yawan fitsari. To ina hanji zai samu abin turawa?

Na koma wajen likita na ce, "Ranka ya daɗe, bin doka ne ya kwantar da shi. Ka ba ni zuwa yamma." Ya ɓata fuska, ya sake duba Baba, ya ga ba ya amai, iska kuma tana fita, sannan ya yarda. Muka sa masa ƙarin ruwa, muka yi masa wankin hanji ta ƙasa. Ba zan ba ku labarin abin da ya fito ba. Dattijo mai jikoki ya juya fuska bango yana hawaye don kunya, ni kuma haushin kanmu nake ji.

Da ya samu sauƙi na zaunar da su. Na ce kullum a ba shi kwanon miyar kuka, kuɓewa ko ayoyo, da ɗan man ja. A yi masa kwaɗon zogale, a dafa kabeji da alayyahu, ya sha ruwa sosai, ya riƙa taka ƙafa zuwa bakin titi. Baba ya ce, "Ni jariri ne da zan sha miya da cokali?" Na ce, "Baba, cokali ko wuƙar likita, zaɓi ɗaya." Ya zaɓi cokali.

Sai da na yi mako uku ina mita kafin aka ƙara layin ganye da ruwa a takardar. Ku yaran da kuka shigo aikin asibiti yanzu, ku sani, mun iya faɗa wa mutum abin da zai bari, amma ba ma tambayar abin da ya rage masa a tukunya. Mutanenmu kuwa idan suka yarda da kai, maganarka har da wadda ba ka faɗa ba suke bi. Mama Rifkatu ce ta koya mini haka a bakin ƙofa, tana ɗaura ɗankwali.

Ta ce, "Sista, kullum sai na kaɗa wa jikoki miyar kuka. Yana zaune yana kallo, ya miƙo hannu, ni da kaina nake janye kwanon."