Gangar da Ba a Jin Kiɗanta

Bazara ce irin wannan, ƙasa ta ɗau zafi, kowa na ɗaga kai yana duban gabas, Allah Ya karɓi ran maigidana. Shekara takwas ke nan. Waccan shekarar ta yi mana nauyi, amma mun san sunan nauyin. Ta bana kuwa na rasa abin da zan kira ta, shi ya sa na ɗauko ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci, ko masu karanta jarida za su fi ni ganewa.

Mutanen 'Yandoto sun san shi da Mai Ganga, don shi ke kaɗa gangar noma in an yi gayya. In ya rataya ta ya bi bayan samari, har raggo sai ya duƙa. Yakan ce ganga ba ta noma, amma ita ke hana gwiwa yin sanyi.

Bai ga ranar da aka ba mu jiha ba. Da yana nan, da ya ga yadda samari suka kwashe zuwa Gusau neman aikin gwamnati, har da ɗanmu Sanusi da ya samu aikin akawu. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba. Gayya ta mutu ba wanda ya yi mata ta'aziyya, ganga ta zauna a bangon ɗakina har fatarta ta tsage.

To bana sai rediyo ya riƙa cewa ganga ta faɗi, ganguna sun ragu. Ranar da na fara ji, wallahi bango na duba. Tana nan. Da Sanusi ya zo na tambaye shi, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ba irin ta Baba ba ce. Duro ne na ɗanyen mai. Abin da ake haƙowa a kudu ya ragu, kuɗinsa a waje ya karye, kason da ake turo wa jihohi ya tsuke. Shi ya sa albashinmu ke tsallake wata."

Na ce na ji, amma ban gane ba, har yau. Ni mai tuyar ƙuli ce. In gyaɗa ta yi wuya, kwalbar mai tashi take yi. Wane irin mai ne wannan da zai ragu kuma ya yi araha? In ya yi araha, me ya sa motoci ke kwana a layi a Tsafe, har a kai ga dambe? 'Yata da ke aure a Bungudu ta ce makarantar da mijinta ke koyarwa a rufe take, asibiti kuma sai dai a rubuta maka magani ka nema. Awaki sun fara ɓata a garin da a da ko ƙyaure ba mu sawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, amma wannan bangon ban san inda yake ba, balle in kai masa yumɓu. Yaya ganga za ta yi shiru a inda ban taɓa zuwa ba, rawa ta tsaya a tsakar gidana?

Juma'ar da ta wuce Sanusi ya dawo, wannan karon ba dariya. Yana so in yarda a sayar da gonar ubansa kafin ruwa ya sauka, ya sayi babur ya yi kabu-kabu.

"Inna, gona ba ta biyan hayar ɗaki a Gusau."

Na ce, "To shi babur ɗin mi zai sha? Ba man nan ba?"

Amma ban ƙara ja da shi ba, don gaskiyarsa ce, yana da iyali.

Na yi ta tunanin abin da marigayi zai ce. Da sauƙi in sa masa magana a baki, in ce zai tuna mana kayan aro ba ya rufe katara. Amma shi ma ya yi murnar kwalta, ya yi murnar takin gwamnati, duk kuwa daga waccan gangar suka fito. Wataƙila da ya ruɗe kamar ni. Abin da na tabbata kawai, bai bar mana komai da ake aunawa a ƙasar waje ba. Ya bar gona, da abin da ke tara mutane a cikinta.

Ban ba Sanusi amsa a ranar ba. Washegari na sauko da gangar, na naɗe ta da tsohon zane, na ɗora a ka na taka zuwa Tsafe, tunda ba motar da ke da mai. Mai sa fata ya juya ta ya ce, "Inna, wa zai kaɗa?"

Na ce, "Kai dai sa mata fata, ruwa ya kusa."

Daga nan na aika wa Sanusi cewa ba gonar da za a sayar sai mun ga kaka, ya taho da galmarsa.