Motar Baɗi a Hannun Alhaji Tanimu

Abubuwa da yawa sun wuce mini a aikin sayar da mota, amma ban taɓa mantawa da ranar da Alhaji Tanimu ya shiga ƙarƙashin sabuwar motarsa a harabar wurin aikinmu, da doguwar rigarsa fara, yana haska fitilar waya ba. Ku da kuka shigo sana'ar nan kwanan nan, ku saurara, don watarana naku Alhajin zai zo.

Bari in fara da yadda abin yake, saboda wanda bai sani ba. A nan Amurka, shekarar da ake rubuta wa mota a takarda ba lallai ba ce ta zama shekarar da aka ƙera ta. Bisa al'ada, ƙirar baɗi tana fara shigowa ne wajen ƙarshen bana. To amma wani lokaci kamfani yakan yi sammako, ya sako ta tun watan Maris ko Afrilu, musamman in ya canza mata fuska. Ranar da sabuwar ta sauka daga tirela, 'yar'uwarta da ke kusa da ita ta zama tsohon yayi, ko da ba a cire mata ledar kujera ba. In an zo sayarwa nan gaba kuwa, shekarar takarda da fuska su mai saye yake kallo.

A shekarar da nake ba ku labari, haka aka yi mana. Ina cikin masu sayarwa a wani wurin dillancin motoci a nan Greensboro, ni kaɗai ne Bahaushe. Muna da tsofaffin fuska jibge a fili, sai ga sababbi a watan Maris. Manajanmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, har da tambayar lafiyar iyali, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan na sha jinin jikina. Ya ce mini da Turanci, mutanenka suna saye da maganarka, ka tura musu waɗancan, akwai ƙarin kwamisho a kan kowace. Na ce to. A raina kuwa na ce wannan mutum ya daɗe da sanin zuwan sababbin, shiru kawai ya yi mana.

A makon ne Alhaji Tanimu ya zo. Dattijo ne mai shagon kayan abinci, gidansa a Summerfield, kuma in ya yi magana bayan sallar Juma'a mutane suna ɗauka. Tsarinsa kowa ya san shi: ya sayi sabuwar mota, ya hau 'yan shekaru, ya loda ta a jirgin ruwa zuwa gida, ƙaninsa Sabi'u da ke dillanci a Kano ya sayar. Don haka na nuna masa tsohuwar fuska da sabuwa, na gaya masa gaskiya.

"Alhaji, waccan ta fi sauƙi yau, amma wannan ce za ta riƙe kuɗinta. Ƙirar baɗi ce, fuskarta sabuwa."

"Kai ne ɗan gida, Bashir," in ji shi. "Abin da ka zaɓa shi ke nan."

Ya saya, aka yi rajista, ya tafi. Manaja ya wuni bai kalli inda nake ba, ni kuwa ko a jikina.

Ba a daɗe ba Alhaji ya kira Sabi'u ta bidiyo don ya nuna masa motar. Sabi'u, da yake idonsa ya buɗe a kasuwa, ya ce a buɗe ƙofar direba a nuna masa 'yar takardar da ke manne a jikin ƙarfe, wadda ke ɗauke da watan da aka ƙera mota. Aka duba, Fabrairun bana. Takardar mallaka kuma ta ce ƙirar baɗi.

Kun san abin da ake yi a gida. Mutum ya kai tsohuwar mota gareji, a cire bamba da fitilu, a sa na sabon yayi, a fesa fenti, ta fito kamar amarya. Wanda ya taɓa ƙonewa da wannan ba ya sake yarda da fuskar mota. Sabi'u bai yi wata-wata ba ya ce, Yaya, upgrade aka yi mata, ina aka taɓa sayar da motar shekarar da ba a shiga ba?

Abin da ya kawo Alhaji ƙarƙashin mota ke nan. Na fito na same shi yana shafa notunan bamba da yatsa, yana neman alamar sifana. Ya fito, ya karkaɗe riga, bai amsa gaisuwata ba.

"Bashir, wace shekara muke ciki?"

Na faɗa masa.

"To wannan ta baɗi daga ina ta fito? Ko ku a nan kuna da kalandarku daban?"

Na yi bayani iya bayani. Na nuna masa lambar jikin motar, na nuna masa wasu irinta a jere, na ce ya buɗe ƙofar kowace ya gani. Ya buɗe biyu, ya gyaɗa kai, ya ce ashe ma ba ɗaya kuka yi wa ba. Wallahi na rasa dariya zan yi ko kuka. Sai ya taka wajen tsofaffin fuskar, ya buɗe ɗaya, ya karanta. An ƙera ta a Janairu, takardarta kuma ta ce bana.

"Ga mai gaskiya," in ji shi. "Ƙofarta da takardarta bakinsu ɗaya. Ita nake so."

Nan fa hankalina ya tashi. A dokar aikin, mota in an yi mata rajista ta zama ta hannu, ko kwana ɗaya ta yi a waje. Ke nan za a karɓi tasa a farashin ta hannu, a ba shi wadda darajarta ta riga ta fara zubewa. Asara biyu a tafiya ɗaya. Na ja shi gefe, na ce, "Alhaji, don Allah kada ka yi. Ka tambayi duk wanda ka yarda da shi a garin nan, ka dawo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan nacin naka shi ya fi komai ba ni tsoro. Me za ka rasa in na mayar da ita?"

Manaja yana tsaye bayan gilashi yana kallonmu. Ba ya jin Hausa, amma yana jin ƙanshin ciniki. Ya fito da fara'arsa, ya ce abin da mai saye yake so shi za a yi, ya haɗa takardun da hannunsa. Motar da Alhaji ya mayar ba ta yi mako a fili ba aka saye ta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi yi mini ciwo. Alhaji bai taɓa cewa na cuce shi ba, shi dai in an ambaci sunana sai ya ce a riƙa duba ƙofa. Wannan kaɗai ta isa. Mutanen da na raka asibiti, na yi wa tafinta a kotu can cikin gari, suka koma zuwa wurin aikinmu suna wuce teburina. A wajen suna a Pleasant Garden wani ya tambaye ni, cikin raha wai, ko nawa muke canza fuska. Na yi murmushin yaƙe.

Shekaru suka juya, Alhaji ya loda motar zuwa gida. Ta daɗe a wurin Sabi'u ba mai taya ta da daraja, kowa ya zo sai ya ce tsohuwar fuska ce, ya wuce wajen mai sabuwa. Sabi'un da kansa ya kira yana faɗa, wai me ya sa Yaya bai sayi ƙirar gaba ba.

Da labarin ya iso ni, na ce yau sunana zai wanku. Rannan bayan Juma'a sai ga Alhaji ya nufo ni a wurin ajiye motoci, mutane suna tsaitsaye. Har na gyara tsayuwa, na shirya cewa ba komai, ya wuce.

"Bashir," in ji shi, "kai da kake cikinsu, ka san waccan faɗuwa za ta yi."

"Na sani, Alhaji. Na kuma gaya maka."

"Ka gaya mini da baki. In da gaske kake, da ka hana a ba ni ita." Ya juya ga na kusa da shi. "Kun gani ko? Ya sani."

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba wawaye ba ne, an sha cutar su ne, kowa ya ƙetaro da tabonsa, da shi yake auna ka. Yanzu duk wanda ya zo, kafin mu yi maganar farashi ni nake buɗe ƙofar direba da hannuna, in nuna masa watan, in gaya masa dalili tun bai ji daga Kano ba. Bayanin da ka yi kafin zargi shi ne bayani. Wanda ka yi bayansa, komai gaskiyarsa, shaida ce kake tara wa mai zarginka.