Shekarar da Aka Sauke Ragarmu

A unguwar Ruwais ta Jidda aka haife ni, a gidan hayar da kakana ya kama bayan ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. A saman rufin gidan na koyi ƙwallon raga tare da 'yan'uwana mata, igiyar shanya ce ragarmu. A lokacin mace ba ta wasa a fili, sai muka tashi muna buga abinmu a ɓoye. Da zamani ya sauya, wata jami'a mai zaman kanta a arewacin Jidda ta ɗauke ni in horar da ɗalibanta mata. Na riga na haura arba'in. Jami'ar ta zama kafilina, mai tsaya mini a hukuma, iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta koma ƙarƙashinta, ni kuwa na ɗauka na samu wurin da zan tsufa.

Ƙungiyarmu ba ta yi wani suna ba. Mukan ci, akan kuma cinye mu. Amma ranar wasa iyaye mata sukan cika benci, su zo da shayi da dabino, wata ma ba ta san dokar wasan ba sai dai ta yi guɗa idan ta ga 'yarta ta yi tsalle.

Cikin 'yan wasana akwai wata doguwa daga unguwar Nuzla, Bahaushiya haihuwar nan kamar ni, mahaifinta tsire yake gasawa a bakin titi. A gasar makarantun sakandare na fara ganin ta. Jami'ar tana da gurabe kaɗan na karatu kyauta ga masu buga mata wasa, sai na yi ta zirga-zirga gidansu har mahaifin ya amince. Ta fara karatun jinya. Da safe aji, da la'asar horo, da yamma motar haya har kudancin gari. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Tana shekara ta uku aka naɗa sababbin shugabanni, suka ce suna son a ji sunan jami'ar ta hanyar wasanni. Suka ɗauko wani kamfanin ba da shawara daga waje. Matasa ne, maza da mace ɗaya, masu ladabi da fara'a, kowa da kwamfutarsa a hammata. Na yi murna da zuwansu. Na zaci an zo gyara ne, domin shimfiɗar ɗakin wasanmu ta fara ɗagowa, na'urar sanyi kuma takan mutu a tsakiyar horo.

Mai koyar da ninƙaya, wata Bamisiriya da ta girme ni, ita ce ta fara sanyaya mini gwiwa. Ta ce ta ga irinsu a wani wurin aiki: shugabanni kan yanke abin da suke so, sannan su kira baƙo ya faɗa da bakinsa, don kada a ga hannunsu. Na ce mata ta cika zato.

Da aka kira ni hira, macen cikin matasan kamfanin ce ta zauna da ni. Ta tambayi mutum nawa ke bin shafinmu a waya, ko wani kamfani ya taɓa neman sa sunansa a rigarmu, ko wasanmu yana yin kyau a hoto. Na amsa abin da na sani. Na gayyace ta horo, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da dogon takalmi, ta ɗan duba, wayarta ta yi ƙara ta fita. Daga baya na tambaye ta ko ta taɓa yin wani wasa. Ta yi dariya ta ce a'a, kafin mu ma wani kamfanin siminti suka yi wa aiki, daga nan kuma asibiti za su.

"Ustaza, duk hanya ɗaya ce," in ji ta. "Ana duba abin da ke kawo amfani a ƙarfafa shi, sauran a rage."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Da ta faɗa da mugunta da na san da wa zan yi faɗa.

Ranar bayyana sakamako aka tara mu a babban ɗakin taro. Suka haska allo, an raba shi gida huɗu, kowane wasa an mayar da shi ɗan da'ira mai launi. Na yi ta neman namu har na same shi can ƙasa a kusurwa, kusa da ninƙaya. Shawararsu ita ce jami'a ta riƙe wasanni biyu kawai: fadel, wannan wasan faranti da ake yi cikin ɗakin gilashi, wanda masu hali ke yayi yanzu, da kuma gasar wasannin kwamfuta. Ɗakinmu za a mayar da shi filayen fadel. Guraben karatu kyauta su koma kan wasannin nan biyu.

Na ɗaga hannu na tambayi yadda za a yi da yaran da ke tsakiyar karatu. Shugaban tawagar ya yaba tambayar, ya ce wannan batun aiwatarwa ne, yana hannun jami'a. Washegari na je wajen mudirar harkokin ɗalibai, ta ce hannunta a ɗaure yake, ƙwararru sun riga sun ba da shawara. Na koma ofishin ƙwararrun na tarar an kwashe kujeru, sun tafi.

Ni aka bar wa faɗa wa yaran. Waɗanda iyayensu ke da hali sun yi kuka, suka ci gaba da karatunsu. Doguwar nan ta Nuzla ba ta yi kuka ba. Ta zauna a benci tana kwance igiyar takalminta. Na ce zan rubuta wa shugabanni, zan nemi wata jami'a, zan je duk inda ake zuwa.

"Halas, Abla," ta ce, kamar yadda suke kiran malama a nan. "Shi ke nan, bari kawai."

Na nema ɗin. Wasu suka ce gurabensu na 'yan ƙasa ne, wasu ba su amsa ba. Na je Nuzla na sami mahaifinta yana fifita gawayi. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya ce haka Allah ya so, Malama, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Bai dube ni ba har na tashi. An bar ta ta ƙarasa shekarar, daga nan ta daina zuwa.

Yanzu tana aiki a wani shagon turare a kasuwar Bab Makka. Na taɓa shiga. Ta gaishe ni da kyau, ta shafa mini turare a bayan hannu, ta tambayi lafiyar mahaifiyata. Na tambaye ta ko tana ɗan taɓa ƙwallo. Ta ce ba lokaci, tsayuwar shago ma ta ishi ƙafa. Wata mai saye ta shigo, ta juya wajenta, ni kuma na fita. Tun daga ranar, idan na je sayen yadi ta wani layin nake bi.

Ɗakin wasan ya yi kyau da gilashinsa, ba zan yi ƙarya ba. Da yamma mutanen gari ke kama hayar filayen. Ɗalibai kaɗan ne ke shiga. Kocin fadel da aka kawo daga Turai bai daɗe ba ya koma. Bamisiriyar ta tattara ta tafi ƙasarsu, domin tana da ƙasar komawa. Ni ban taɓa kwana a Nijeriya ba, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa a can ba. Sai na karɓi abin da aka ba ni: tebur a ƙofar ɗakin motsa jiki na mata, ina miƙa tawul da makullin akwati.

Bana aka sake ɗauko wani kamfanin, wai ya duba abin da ya sa shirin farko bai kai inda ake so ba. Su ma matasa ne masu ladabi. Wani cikinsu ya zauna da ni, ya tambayi aikina, ya tambayi ko a ganina teburin nan yana bukatar mutum, ko na'urar karanta kati za ta wadatar. Na ce masa ban sani ba. Ya rubuta, ya yi godiya. Iƙamata za ta ƙare bayan sallar layya, har yau ba wanda ya ce mini komai game da sabuntawa.